Igiya Uku da Haƙƙin Jiki

Wata rana da hantsi, cikin kwanakin hunturu, lokacin da hazo kan lulluɓe birnin Sakkwato har wanda ke tsaye a Kanwuri ya riƙa ganin Masallacin Bello kamar inuwa, na shiga wani gida a cikin tsohon gari domin in gai da wani dattijo, ƙanen mahaifina, malamin zaure wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da manyantakarsa a kan buzu tsakanin Risala da Muhtasar. Sai na iske shi tsaye a tsakar gida, ya dogara da sanda, ya zuba wa wani jikansa ido. Yaron, wanda ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zarga igiyar rama a jikin dirkar rumfa, ya kama bakinta biyu, ya yi baya har ya kusa kishingiɗa a kan iska, yana jawo ƙirjinsa zuwa ga dirkar yana sakewa sannu a hankali. Da ya gama wannan kuma ya ɗauko tawul ya murɗe, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya maƙala shi a tafin ƙafarsa yana ja.

Tsoho ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Kai wanga yaro, mi kaka ja? Ga igiya, ga mai ja, amma ban ga rijiya ba, ban ga wasaki ba." Yaro ya rusuna ya ce, "Motsa jiki nika yi, Malam." Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Mu zamaninmu, in mutum ya ja igiya ruwa ka hitowa. Ku ko kuna ta ja, ba abin da ka hitowa sai gumi." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai da kay yi na zaure kay yi na boko, hwaɗa min hukuncin wanga aiki." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Baffa, a ba ni kwanaki in yi nazari," domin ko da yake tsakanin kaka da jika akwai wasa, na fahimci cewa a ƙarƙashin wasan nan akwai mas'ala ta gaske, wadda ba a amsa ta a tsaye.

Abin da ke damun dattijon, bayan na yi ta juya maganarsa a raina, bai wuce abu uku ba. Na farko, yana ganin wahalar da ba ta haifar da ruwa, ko hatsi, ko lada, lagawu ce, kuma mumini ba shi da rarar lokacin da zai zubar a cikin lagawu. Na biyu, yana zargin cewa abin koyi ne da baƙi, an ɗauko shi daga akwatin talabijin da wayar hannu, ba daga kakanni ba. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne na zuhudu: cewa jikin nan da ake ta ɗawainiya da shi, komai daɗewa abincin gara ne, don haka wanda ya san makomarsa bai kamata ya shagala da gyaran gidan da ya tabbata zai rushe ba. Waɗannan shubuhohi ba na jahili ba ne, na mai tsoron Allah ne; saboda haka ba su cancanci dariya ba, sun cancanci hujja.

Wajibi ne dai mu fara ba tsoho gaskiyarsa. A Sakkwaton da ya tashi a ciki, babu wanda ya taɓa ware wa jiki lokaci na musamman, domin rayuwa da kanta ita ce ke motsa shi daga asuba har zuwa lisha. Magidanci ya sa fartanya ko hauya a kafaɗa ya taka da ƙafa zuwa gona. Mai lambu a fadamar Rima ya wuni yana sunkuyar da jigo yana ɗagowa domin ya shayar da albasa. Majemi ya wuni yana kirɓa fatun jajayen awakin nan da suka kai sunan ƙasarmu har ƙetare. Marini ya tsoma ya matse, mabugi ya ɗaga ya sauke. Uwargida ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, sa'an nan ta ja guga ashirin kafin rana ta take. Waɗannan mutane ba su san sunan abin da suke yi wa jikinsu ba, amma suna samunsa kyauta, tamkar gyara a bayan ciniki. Yau kuwa famfo da rijiyar burtsatse sun karɓe guga, injin niƙa ya karɓe turmi da dutse, kabu-kabu ya karɓe sawu, har saurayi mai jini a jika ya tsaya a rana yana jiran babur domin tafiyar da kakarsa ke yi da tulu a ka. Ba mu kaɗai ba ne a cikin wannan hali, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba su motsa jiki gwargwadon buƙata. Sauƙin da aka samu ni'ima ce babu shakka, kuma duk wanda ya ga uwarsa ta huta da daka ba zai yi fatan a koma jiya ba. Sai dai ni'imar ta zo da haraji a ɓoye, ana kuwa biyansa a layin masu hawan jini da ciwon sukari, da masu ciwon ƙugu da gwiwa. Ashe yaron nan ba sabon abu ya ƙago ba: gyaran da kakansa ya samu kyauta ne shi yake saye da niyya.

Idan kuma muka waiwayi waɗanda suka kafa garin nan, za mu ga ba su taɓa raba gyaran addini da gyaran jiki ba. Jama'ar da ta yi hijira da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a shekarar 1804, ta kuma gamu da rundunar Gobir a Tabkin Kwatto a cikin wannan shekara, malamai ne da almajirai masu ƙarancin dawaki, mafi yawansu dakaru ne 'yan baka. Kowa kuwa ya san tsirkiya ba ta jawuwa ga damtsen da bai saba ba, komai yawan nahawun da ke kan mai shi. Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin sarauta da yaƙi bai fasa rubutu a kan ɗibbu ba, har ya keɓe wa ciwon basur talifi guda. Da Baturen nan Clapperton ya zo masa a 1824 kuwa, likita na cikin abubuwan da ya nemi a aiko masa. Malam Abdullahin Gwandu yana da littafi mai suna Masalihul Insani, wanda tun daga sunansa ya gwama maslahar addinai da ta jikkuna. Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta yi nata talifin a kan magungunan Annabi. Waɗannan su ne shugabannin masu zuhudu a ƙasar nan, amma ba su ɗauki lafiya abin raini ba.

Asalin al'amarin shi ne cewa jiki ba mallakar mutum ba ne, amana ce aka ba shi ajiya, kuma za a tambaye shi yadda ya tsufar da ita. Alƙur'ani mai girma, da ya ba da labarin Annabi Musa a bakin rijiyar Madyana, inda ya shayar da dabbobin 'yan mata biyu da ke jira a gefe har makiyaya su gama, ya kawo shaidar ɗayarsu a kansa da siffa biyu a haɗe, ƙarfi da amana. Da ya ba da labarin zaɓen Ɗalutu kuma, sai ya ambaci yalwar ilimi tare da yalwar jiki. A cikin Sahihu Muslim an fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni, tare da tabbatar da alheri ga kowannensu. A cikin Buhari kuma an tsawata wa Abdullahi ɗan Amru a kan azumin kullum da tsayuwar dukan dare, aka sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Duk wannan sananne ne ga ƙaramin ɗalibi. Amma tun da tsoho da igiya ya kafa hujjarsa, na ga ya dace a amsa masa da igiya, domin na tuna cewa a cikin Sunna akwai igiya uku, kuma idan aka tufka su wuri ɗaya hukuncin igiyar jikansa zai fito fili.

Igiya ta farko ita ce wadda aka yaba. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya shiga daji, ya ɗauro itace a gadon bayansa ya sayar, ya kare mutuncin fuskarsa, shi ya fi masa alheri da ya bi mutane yana roƙo, ko su ba shi ko su hana. Darasin da ake yawan ɗauka a nan shi ne falalar neman na kai, kuma haka ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani sharaɗi da ba a faɗa ba don bayyanarsa, wato gadon bayan da zai iya ɗaukar itacen. Roƙo kuwa ba na kuɗi kaɗai ba ne. Wanda ya sakar wa jikinsa har ya zama ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi, ba ya ɗaukar butarsa sai an ɗauko masa, alhali ba cuta ce ta kayar da shi ba, sakaci ne, to shi ma ya shiga wani nau'i na bara a cikin gidansa, ko da kuwa 'ya'yansa suna yi masa hidimar da farin ciki suna samun lada. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai tanadi na cikin ba, ko rijiya ta bayar, ba guga ne zai hana shi ba, hannunsa ne.

Igiya ta biyu ita ce wadda aka kwance. Anas ya ruwaito cewa Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya a miƙe tsakanin ginshiƙai biyu, da ya tambaya aka ce ta Zainab ce, takan riƙe ta idan ta gaji da tsayuwar nafila. Sai ya yi umurni a kwance ta, ya karantar da cewa mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. A duba wannan da idon basira: igiyar nan a masallaci take, don salla aka ɗaura ta, mai ita kuwa uwar muminai ce, amma duk wannan bai hana a kwance ta ba, saboda an mai da ita makamin tilasta wa jiki abin da ya fi ƙarfinsa. Idan har tsanantawa a cikin nafila ba ta samu karɓuwa ba, to ina ga tsanantawa a cikin neman ƙwanji? Wannan igiya tana yanke hukunci a kan ɓangare biyu lokaci guda: a kan mai zuhudun da ke ganin azabtar da jiki kusanci ne ga Allah, da kuma saurayin da ke ja har jijiya ta tsinke don ya burge tsara.

Igiya ta uku ita ce dabaibayin raƙumi. Tirmizi ya kawo labarin mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umurce shi da ya ɗaure sa'an nan ya dogara. A nan ne amsar masu cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ga wane da bai taɓa motsa jiki ba ya kai tamanin, ga wane ɗan ƙwallo ya faɗi yana da talatin. Gaskiya ne, igiya ba ta ƙara wa mutum numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Amma wannan hujja, da za a bi ta har ƙarshenta, sai ta hana shuka da damina, ta hana shan magani, ta hana kulle ƙofa da dare. Ahlus Sunna sun tafi a kan cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, abin da ke warware shi shi ne zuciya ta dogara ga sababin ta mance da Mai sababi. Gaɓoɓi su ja igiya, zuciya ta san cewa lafiya daga Allah take.

Akwai wata kalma ta Larabci da ta tattara wannan ma'ana duka, ita ce wadda malamanmu ke furtawa riyala. Asalinta horar da doki ne, a ɗauko ɗanyen dukushi mai harbi da cizo a yi ta bi da shi har ya karɓi linzami. Daga nan sufaye suka ara ta suka sa wa horar da zuciya, har Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa wa wani kashi na Ihya'u sunan riyalar rai. Daga nan kuma likitoci suka ara ta suka sa wa motsa jiki, har Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gabatar da ita a cikin Ƙanunu a kan abinci da barci wajen tsare lafiya. Ibnul Ƙayyim kuwa, wanda ya rasu a 1350, ya yi littafi sukutum a kan tsere da harbi da sukuwa, inda ya kawo tseren Annabi da Nana A'isha da kokawarsa da Rukana. Kalma ɗaya ce ta ɗauki doki da zuciya da jiki, domin magabata sun gane cewa ukun nan hali ɗaya gare su: idan aka sake su sai su lalace, idan aka matsa musu sai su karye, idan aka bi su sannu a kullum sai su yi biyayya.

Ga mai son hujja ta fiƙihu tsantsa, ya koma ga Ahalari, ɗaya daga cikin littattafan da yaro ke farawa da su a zaurukan garin nan. A can an jera halaye bakwai na sallar farilla, tun daga tsayuwa ba tare da jingina ba, sai tsayuwa da jingina, sai zama, har zuwa kwanciya. Wannan rahama ce ta shari'a ga mai uzuri, kuma babu mai iko ya aibanta wanda cuta ko shekaru suka sauko da shi daga mataki zuwa mataki. Amma wanda ya lura da masallatanmu a 'yan shekarun nan zai ga kujerun roba suna ƙaruwa a gefen sahu, kuma ba dukan masu zama a kansu ne masu furfura ba. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Idan tsayuwa da ruku'u da sujada rukunai ne, idan ɗawafi bakwai da sa'ayi na kimanin kilomita uku tsakanin Safa da Marwa suna jiran duk wanda Allah ya kira, to tattalin gwiwa da ƙugun da za a yi su da su ba zai zama lagawu ba. Mafi ƙarancin darajarsa halas, idan niyya ta kyautata kuma ya hau zuwa mustahabbi, idan likita amintacce ya tabbatar cewa barinsa zai jawo cuta, ya kusanci wajibi.

Yadda ake yin abin kuwa ba shi da wuya, kuma bayaninsa ba ya buƙatar dogon sharhi. A zarga igiya mai ƙwari a jikin ginshiƙi ko icce mai rai, bayan an jarraba ƙullin, a yi baya a jawo kai, wannan yana ƙarfafa gadon baya da damatsa. A riƙe ta a tsuguna a miƙe, wannan na cinyoyi ne da gwiwa, kuma shi ne asusun tashi daga sujada. A kama tawul da hannu biyu a ja shi kamar za a yaga, a ɗaga sama da kai a sauke. A kwanta rigingine a maƙala shi a tafin ƙafa a ɗago ƙafar a miƙe, a riƙe kamar daƙiƙa 30, har a ji jijiyar bayan cinya da agara suna sakewa. A saka shi ta bayan wuya, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙugu, na sama ya jawo na ƙasa, kamar mai cuɗa baya a wurin wanka, wannan kuwa shi ne abin da likitocin gashi ke koya wa mai sandararriyar kafaɗa, larurar da ta fi yawa ga masu ciwon sukari. Tun a 1953 wasu masana biyu a Jamus, Hettinger da Müller, suka nuna cewa tsoka tana ƙara ƙarfi idan aka ɗaure ta da ja na ɗan lokaci ko da gaɓa ba ta motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a shawararta ta 2020, ta nemi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Sharuɗɗan su ne kada a riƙe numfashi lokacin ja, domin yana tayar da jini. Kada a fizga. A bambance tsakanin ɗan tsamin jiki da zafi mai suka, a tsaya idan na biyun ya zo. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai juna biyu, su fara da shawarar likita. A lokacin bazara kuwa, da zafin garin nan kan haura digiri 40, a yi da sanyin safiya.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a cikin tawul ɗin nan ba amfaninsa ba ne, ishararsa ce. Mai ɗaga ƙarfe yana fama da nauyin da ke wajensa, mai kokawa yana fama da abokin karawa. Amma mai jan tawul, hannunsa na dama ke ja, na hagu ke hanawa, tawul kuwa ba shi da nauyin kansa, ba ya ƙara komai ba ya rage komai, abin da ka ba shi shi yake mayar maka. Idan ka yi ha'inci ka sassauta, babu wanda zai gani, domin daga waje mai ja da gaske da mai riƙon wasa kamarsu ɗaya. Kai kaɗai da Ubangijinka kuka san gaskiyar jan. Ban san wani misali da ya fi wannan kusa da abin da malaman tasawwufi ke kira mujahada ba, inda mai yaƙi da wanda ake yaƙa duk mutum ɗaya ne, kuma ban san wata makaranta ta ihlasi da ta fi wannan araha ba. Mai jan igiya a jikin dirka shi ma ba kowa yake ɗagawa ba sai kansa, kuma duk wanda ya jarraba ya san cewa babu kaya mai nauyi a duniya kamar kai.

Arahar nan kuwa ita kanta hujja ce. Gidajen motsa jiki na zamani, masu injuna da madubai, suna da amfaninsu ga mai hali, amma suna son kuɗin wata, da abin hawa, da lokacin da ɗan kasuwa ko ɗan ga-ruwa ba shi da shi. Wani lokaci kuma suna zuwa da matsalar bayyana al'aura da cakuɗuwa da kaɗe-kaɗe, abin da ke sa mai kunya ya haƙura. Igiya da tawul ba su san mai kuɗi da talaka ba. Musamman iyayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda injin niƙa ya ɗauke musu wahala ya bar su da zama, su ne suka fi kowa buƙatar wannan, kuma su ne suka fi kowa rashin wurin zuwa. Tsohon zane ɗaya da ɗaki mai ƙofa sun ishe su, ba tare da sun keta sutura ko sun nemi izinin fita ba. Maigidan da ke sayo magani duk wata amma yake yi wa iyalinsa dariya idan ya ga suna miƙe jijiya, ya yi tufka da warwara. Game da zargin koyi da baƙi kuma, amsarsa gajera ce: wannan babi ne na al'ada ba na ibada ba, asali a cikin al'adu kuwa halacci ne, kuma ƙasar da ta san kokawa bayan kaka, ta san langa a dandali, ta san ɗan dambe yana naɗe hannunsa da ƙyalle da zare, ba ta jira Bature ya koya mata cewa jiki yana son horo ba.

Saura shubuha ta uku, ta zuhudu, kuma a nan ba zan ce tsoho ya yi kuskure gaba ɗaya ba, domin ramin da yake hangowa yana nan. Akwai saurayin da ya fara don lafiya ya ƙare a gaban madubi, yana auna damtse safe da yamma, yana ɗaukar hoton ƙirjinsa yana watsawa, yana tafiya yana buɗa hannuwa kamar hanya ta yi masa kaɗan. Akwai wanda gaggawa ta kai shi ga ƙwayoyi da allurai, ya sayar da ƙodarsa da hantarsa don ya sayi kallo. Akwai wanda ya iya tashi don igiya amma bai iya tashi don asuba ba. Wannan shi ne riya da ujubu, kuma su ne gara ta gaskiya, wadda ke cin mutum tun yana raye. Gazali ya buga misali da mahajjacin da ya shagala da kiwon raƙuminsa da yi masa ado har ayari ya tafi ya bar shi a daji. Amma a lura, misalin bai ce a bar raƙumi da yunwa ba, domin wanda raƙuminsa ya durƙushe a tsakiyar hamada shi ma ayari zai wuce ya bar shi. An kuma karantar da mu cewa gwanin kaye na haƙiƙa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Saboda haka ma'aunin ƙarfi a wurinmu ba faɗin kafaɗa ba ne, a'a, a duba wa ya amfana da shi: idan ƙarfin ya ɗauki buhun tsohuwa, ya haƙa kabarin maƙwabci, ya ɗaga mahaifi zuwa makewayi ba tare da tsaki ba, to ya zama shukura. Idan kuwa matar gida da ƙannai ne suka fara ɗanɗana shi, gara ma raunin.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohuwar rijiya a ƙauyukan da ke kewaye da mu ya ga itacen da ake gittawa a bakinta, yadda igiya ta yi masa zanen rami-rami har yatsa na nutsewa, alhali igiyar kaba ce ko rama, wadda wuƙar yaro ke yankewa, itacen kuwa gatari ma sai ya yi da gaske. Ba ƙarfi ne ya yi wannan aiki ba, dawwama ce. Kuma an sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Minti goma a kowace safiya, shekara da shekaru, sun fi wuni guda na hauka wanda jinyar mako ke biyo bayansa.

Ban samu komawa gidan nan ba sai bayan damina ta sauka, na tafi da hujjojina a jere kamar mai zuwa gaban alƙali. Da na yi sallama aka ce in shiga turaka, sai na iske Baffa zaune a bakin gado, ya saƙalo wani tsohon rawani ta bayan wuyansa, hannun dama a sama na hagu a ƙugu, yana ja yana cije leɓe, jikan nan nasa kuma yana tsugune yana ƙirga masa. Ashe kafaɗa ce ta sandare masa har naɗin rawani ya gagara, aka kai shi asibiti, aka haɗo shi da wannan aiki safe da maraice. Da ya gan ni bai saki rawanin ba, ya ce, "Kada ka ce komi. Wanga ba wasa ba na, magani na." Na ce, "Haka ne, Baffa. Shi ma yaron maganin yake sha, sai dai shi ya riga ciwon zuwa." Ya yi shiru har yaro ya kai ƙarshen ƙirga, sa'an nan ya sauke hannu, ya dubi buzunsa da ke shimfiɗe wajen alƙibla, ya ce shi ba ƙwanji yake nema ba, abin da yake roƙo kawai shi ne ranar da za a ɗauke shi ta same shi goshinsa bai daina taɓa ƙasa ba. Na naɗe hujjojina na mayar aljihu, domin na ga ya riga ni isa inda za su kai mu. Allah shi ne mafi sani.